Filtar da Baba Ya Zaɓa

Mahaifinmu direba ne, kuma ko bayan da ya ajiye aikin gwamnati bai yarda a daina kiransa direba ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar mota fara mai dogon baya, wadda ta gama ganin duniya kafin ta iso Azare. Ya sa aka kafa mata rumfar kwano a ƙofar gida, ya samo tsohon bargo yana rufe mata gilashin gaba. Mu 'ya'yansa mukan ce da motar nan na cin tuwo, da ita za a fara zuba wa kafin mu. Bai taɓa musa wannan magana ba, iyaka ya ce ai ita ba ta yi masa rashin kunya.

Aikin motar ba shi da yawa. Ta kai mu gaisuwa ko asibiti a cikin gari, sai kuma ta kai shi gonarsa a Disina, inda danginsa suke. Hanyar Disinar nan ce ke cinye masa filta. Ga wanda bai taɓa leƙa cikin bonet ba, filtar iska wata matata ce zagayayya da ke zaune cikin farantin ƙarfe mai murfi a saman injin, duk iskar da injin zai shaƙa sai ta bi ta jikinta. Wadda kowa ya sani ta takarda ce mai ninki-ninki, in ta toshe a jefar a sa sabuwa. To da zarar an sauka daga kwalta, ga jan ƙasa, ga garken shanu suna tafe suna tayar da ita, in kaka ce kuma ga ƙaiƙayin gero yana tashi daga kowace masussuka. Baba kuwa mutum ne da jefar da abu ke yi masa ciwo. Zai cire ta ya bubbuga a jikin taya, ya hura da baki har ya yi tari, ya mayar, ya shigo gida yana mita wai an mai da mutane 'yan zubar da kaya.

Shekarar da wayar salula ta fara yawa a hannun mutanen Azare, ina hutu daga kwalejin horon malamai, ya leƙo ɗakin Inna da hantsi ya ce in sa hijabi in raka shi kasuwa. Na yi mamaki, don Baba ba ya zuwa sayen kayan mota da mace. Muka je layin masu kayan gyara, shagon wani ɗan ƙabilar Ibo da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa karin Guddiri, irin na yankinmu.

"Baba direba, sannu da zuwa. Yau kuma me ya samu amaryar?"

"Amarya lafiyarta ƙalau, hancinta ne ke toshewa. An ce ka kawo filtar da ba a jefarwa."

Mai shagon ya shiga ciki ya fito da guda uku ya jera a kan teburi. Ta farko ta takarda ce, wadda muka sani. Ta biyu ta soso ce, baƙa, mara nauyi. Ta uku tana cikin kwali mai hoto, da ya buɗe sai ga auduga an ninke ta tsakanin ragar waya, launinta ja-ja, da 'yar kwalbar mai a gefe. Ya ce ta soson tana wankuwa, amma zafin injin na cinye ta, ranar da ta fara marmashewa kuwa injin ne zai haɗiye ta. Ta audugar in an kula da ita sai motar ta tsufa ta bar ta.

"Amma Baba, in gaya maka gaskiya, wannan tana son hidima. Man nan da ka gani shi ke kama ƙurar. In ya yi kaɗan ƙura ta wuce, in ya yi yawa injin ya shaƙe. Kuma in ya ƙare sai an aika Kano. In ba ka da mai kula da ita, ɗauki ta takardarka ka huta."

Baba ya gyara hula. "Ni kake tambaya mai kula? Kana ɗan tatsitsi nake kwance injin a gindin bishiya in ɗaure shi kafin la'asar."

Ya ɗauki kowacce ya shafa, ya bi bakin robar da babban yatsa, ya matsa, ya shinshina. Ya sa aka ɗauko tsohuwar daga mota aka ɗora a kan sabuwar don a ga ko faɗi da tsayi sun zo ɗaya, domin ya ce in ta bar ƙofa komai ƙanƙantarta, ƙura sai ta gano ta. Sannan ya turo mini kwalin.

"Karanta mana. Turancin kwali ƙanana suke rubuta shi, don kada talaka ya gane."

Na karanta ina fassarawa. A jiƙa ta da ruwan sabulu mara kaifi, a zuba ruwa daga ciki zuwa waje, kada a murɗe ta, kada a sa mata buroshi. A shanya a inuwa, ban da rana, ban da wuta. In ta bushe a bi kowane ninki da mai kaɗan-kaɗan har farin ya koma ja-ja. Ya ce in sake, na sake. Ya ce in sake daga wajen shanya, na fara ƙosawa, na ce Baba ai ba hadda muka zo yi ba. Ya yi dariya ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar man, hannun ya sauka a gefenta, sai da ya laluba sannan ya same ta. Na gani, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ta audugar muka saya, ya ba ni na riƙe a cinya har gida, yana ta ja mini kunne kada in danne ta.

Wanda ya fara ɗaukar abin a bakin wani abu shi ne babban yayanmu. Yaya ma'aikacin ofis ne a Bauchi, ƙarshen wata yake zuwa gida, mutum ne mai yawan lura da ƙarancin magana. Wani zuwa ya tarar gefen motar ya lotse, ashe Baba ne ya gogi ƙafar rumfarsa. Wani zuwan kuma maƙwabta suka gaya masa Baba ya ture keke a jingine a bakin masallaci. Yaya ya durƙusa a zaure ya ce, cikin ladabi, yana ganin ya kamata a je a duba idon Baba, kafin nan kuma a samo wanda zai riƙa tuƙa shi.

Ina tsakar gida na ji muryar Baba ta tashi. Na leƙa ta zaure na ga ya ja Yaya zuwa rumfa, ya ɗaga bonet, ya kwance murfin farantin, ya ciro filtar ya danƙa masa.

"Ɗaga ta sama ka duba. Ka ga ƙura? Ka ga inda mai ya taru ko inda bai kai ba? Wanda ba ya gani ne zai bi ninkin nan ɗaya bayan ɗaya? Ranar da na kasa wanke wannan da idona, ba sai ka roƙe ni ba, ni zan miƙo maka makulli."

Yaya ya juya ta, ya sake juyawa, bai ga aibu ba, ya miƙa masa abarsa. Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk zuwan Yaya, kafin ya sha ruwa sai an ɗaga bonet, a ciro filta ya duba, Baba na tsaye ya goya hannu a baya yana jiran hukunci. Kullum tas take, launinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Kowa a gidan ya san muddin filtar nan na fitowa haka, makulli na aljihun Baba.

Aka yi mini aure na tare a wata unguwa, da cikina na fari ya tsufa aka dawo da ni gida haihuwa kamar yadda ake yi. A wannan zaman ne na ga abin da ba a so a gani. Wata safiya ina kwance a ɗakin Inna, nauyi ya hana ni tashi, sai na hango Baba ta labule ya shigo da wani abu a naɗe cikin buhu, yana tafiya a hankali yana bin bango. Ya wuce bayan madafa ya fito hannu wofi. Can sai Inna ta ɗauki ƙwarya da sabulu ta nufi wajen.

Dole in faɗi yadda Inna da motar nan suke. Tunda aka saye ta, Baba bai taɓa barin Inna ta taɓa komai a jikinta ba. Ko ƙofa ta rufe sai ya ce ta buga da ƙarfi, in ta rufe a hankali ya ce ba ta rufu ba. Ita ma ta ɗauki motar wata baƙuwa ce mai iyayi da aka ajiye mata a ƙofar gida. Don haka da na lallaɓa na leƙa na ga Inna a kan kujera 'yar tsuguno, filta a cikin ƙwarya, tana zuba ruwa da moɗa daga ciki zuwa waje, sai da na dafa bango.

"Inna! Tun yaushe?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke dai ki ji da cikinki."

Na ja tabarma na zauna. Tana wanke ta ne yadda take wanke jariri, hannu ɗaya na tallafe, ɗaya na zuba ruwa. Da ta gama ta ɗora ta a kan faifai a inuwar darbejiya. Washegari na ga yadda take sa man. Gashin zabo take tsomawa a kwalbar, ta bi kowane ninki, ta ɗaga ta duba, ta ƙara a inda ya yi fari. Duk abin da na karanta a shago Baba ya haddace ya koya mata.

Sai da ta ga ba zan daina sa mata ido ba sannan ta yi magana. Ta ce tun bara ya daina bambance inda ya yi ja da inda ya yi fari. Wata rana ya wanke da kansa ya kawo mata wai ta ga aiki, ta ga rabi duk ƙura, ta karɓa ta ce bari ta ɗauraye masa. Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar, shi dai ya kawo a buhu, ita ta wanke. Ta ce shi ya sa ma ta tsiri bin sa gona, ita da ba ta son hanya. Tana zama a gaba tana gaya masa ga rami, ga akuya, ga mai keke.

Na ce, "Inna, wannan fa ganganci ne. In ya buge ɗan mutane fa?"

"Ba ya gudu, ba ya fita in rana ta yi sanyi, hanyar kuma ƙafarsa ta san ta. Ni kuwa idona biyu ƙalau." Ta juya filtar. "Kin san ubanki. Ranar da aka karɓe makullin nan zaure zai zauna, ba zai ƙara tashi da ƙarfinsa ba. Ina ja masa kwanaki ne kawai."

Na ji haushinsu su biyun, na ji tsoro, kuma ban taɓa jin ina son su kamar a wannan safiyar ba. Na yi niyyar gaya wa Yaya, na fasa, na sake yi, sai haihuwa ta zo ta ɗauke mini hankali. Daga baya likita ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda abin da ya tafi ba ya dawowa, amma a lokacin ba wanda ya san sunansa a gidanmu.

Da na yi arba'in aka shirya kai jaririyar Disina dangin Baba su gan ta. Kaka ce, an fara sanyin safiya. Yaya ya iso daga Bauchi muna cikin loda kaya, ya ce shi ma zai je ya gaida baffanninmu, don haka ranar ba a samu ɗaga bonet ba. Babban ɗa shi ya kamata ya zauna gaba kusa da uba, amma kafin Yaya ya ajiye jakarsa Inna ta riga ta shige ta ja ƙofa.

Ta ce mini, "Gaya wa wancan, baya na sa ni jiri."

Haka take magana da Yaya tun tasowarmu. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, duk abin da za ta gaya masa sai ta bi ta kan wani, ko da yana tsaye a gabanta. Ni da shi muka zauna a baya. Sai a hanya na gane tsaka mai wuyar da Inna ta shiga. Ba dama ta ce wa Baba ga rami ga akuya, mai bincike na zaune a bayanta. Sai ta mai da ni abokiyar hira.

"Ke, kin ga amalanken can a gabanmu ta hannun hagu? Shanun sun yi ƙiba, tubarkalla."

Baba ya sassauta ya kauce dama.

"Oh, dubi yaran can da ke shirin tsallakawa, ko iyayensu na ina."

Baba ya taka birki ya danna hon.

"Har yanzu dai ba a cike ramin nan na gaba ba. Mutanen nan ba sa jin tsoron Allah."

Yaya ya dube ni ya ce yau Inna hira take ji. Na sunkuyar da kai ina gyara wa jaririya hula, dariya da tsoro na cina.

Mun sauka daga kwalta mun yi nisa cikin gonaki, ko'ina mata na sussuka, ƙaiƙayi na shigowa ta taga, sai motar ta fara tari. Baba ya taka totur, ta yi gurnani, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Ta ja kaɗan, ta sake tari, ta mutu a gefen wata masussuka. Wani ƙamshi kuma ya cika motar, ba na fetur ba, ba na baƙin mai ba. Ni dai alale ya tuna mini.

Muka fito. Baba ya ɗaga bonet ya kwance murfin, don wannan hannunsa ba ya neman ido. Yaya ne ya ciro filtar. Ba ta yi kama da abin da muka sani ba. Ta yi nauyi, ninkin duk ya cushe da wani abu mai danƙo ruwan goro, ƙaiƙayi da jan ƙasa sun manne sun yi ɓawo, har da matattun kiyashi a ciki. Yaya ya lakato da yatsa ya kai hanci.

"Manja ne," ya ce. "Wallahi manja ne. Baba, manja ka sa mata?"

Abin da ya faru, wanda sai daga baya muka ji, shi ne man kwalbar ya ƙare. Inna ta ji nauyin gaya wa Baba, don tana ganin zai ce hannunta ne ya yi yawa. Ta duba ta ga man filta ja ne, ta duba madafarta ta ga ita ma tana da jan mai. Ta narka shi ta tace da ƙyalle mai kyau, ta bi ninki da gashin zabonta yadda ta saba, har ta ƙara yawa don ta ga launin bai kai yadda take so ba. Baba ya ji ƙamshin sanda yake mayarwa, ya ɗauka na hannunta ne. Sanyin safiya ya daskarar da shi, zafin injin ya narkar, kullum haka, yana kama duk abin da iska ta kawo har ya toshe hanya.

Amma a bakin hanyar nan ba wanda ya san wannan sai ita. Baba ya tsaya ya dafa mota. Tambayar Yaya ba ta da amsa mai kyau. In ya ce shi ya sa, to wanda ya kasa bambance manja da man filta ba shi da ido. In ya ce ba shi ba ne, sai a tambayi mai wankewa.

Inna ta ja mayafinta ta juyo gare ni, ta ba Yaya baya.

"Gaya masa ni ce. Na gan ta a shanye ubanku ya tafi masallaci, na ga ta yi fari, na ce bari in taimaka. Bai sani ba. Karambanina ne, shi da kansa yake wanke abarsa."

Yaya ya dubi filtar, ya dubi bayan Inna, sai ya fashe da dariya. Ba ta mugunta ba ce, dariya ce ta mutumin da hankalinsa ya kwanta. Ya dafa gwiwa yana share hawaye.

"Haba Inna, ai saura gishiri da albasa! Da kin faɗa da mun taho da wake mun dafa a hanya. Wallahi sai na ba su labarin nan a Disina."

Matan masussukar da suka matso kallo suka ji, su ma suka kama dariya, wata tana tafa hannu tana maimaita wa na bayanta. Inna ta tsaya ƙyam, kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi. Ba za ta iya mai da wa ɗan farinta magana ba, kuma ba ta ma so. Ƙaryarta ta zauna daram. Motar ba ta da laifi, idon Baba ba shi da laifi, tsohuwa ce ta yi shirme irin na tsofaffi. Abin da ya rage wa Baba kawai shi ne ya yi shiru, a wanke filta, ya koma mazauninsa ya ci gaba da tuƙi. Na kalle shi ina addu'a a zuciyata, ban ma san wanne nake roƙo ba.

"Ya isa."

Baba bai ɗaga murya ba, amma dariyar ta tsaya, har ta matan.

"Ba karambani ta yi ba. Ni nake kai mata. Tun bara ita ke wankewa, ita ke sa man, duk wadda na nuna maka aikinta ne. Hanyar nan ma da muka biyo ita ta gan ta, ni sitiyari kawai na riƙe." Ya juyo wajen Yaya. "Ba na gani. Kai ma yanzu inuwarka nake gani. Kada ka ƙara yi mata dariya."

Ya laluba aljihun gaba ya ciro makullin ya miƙa, ɗan gefe da inda Yaya yake tsaye. Yaya ya ajiye filtar a ƙasa, ya matsa inda hannun yake, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ranar, mutum da gemunsa, a gaban matan ƙauye.

Sauran aikin bai yi wuya ba. Baba ya ce a goge fulogi, a ɗaure bakin kafireta da ƙyalle mai tsabta a lallaɓa a ƙarasa, na ciro wani farin ƙyallen jaririya na bayar. Yana tsaye yana faɗin yadda za a yi, Yaya na yi. Matan suka kawo ruwa aka wanke hannu. Filtar kuwa Inna ta sunkuya ta ɗauka ta naɗe a buhu.

Da aka zo shiga, Baba ya nufi ƙofar direba kamar kullum, ya kama mariƙin, ya tsaya, sannan ya saki ya bi jikin motar da hannu zuwa ƙofar baya. Inna ta ce in koma gaba da jaririyar. Ta zagaya ta shiga baya ta zauna kusa da shi, ta kau da kai tana kallon taga. Yaya ya tayar da motar, ta kama, muka ɗau hanya a hankali. Muka wuce gonakin. Sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa, cike da fushi.

"Wa ya aike ka, Malam? Na riga na gyara magana. Ƙarya ɗaya na taɓa yi a gaban 'ya'yana, ka tashi ka zubar mini da ita a ƙasa."

"Dariya suke miki."

"To sai me? Dariyar ta ci ni ne?"

"Ni ta ci."

Na saci waiwaye na ga Inna ta jawo hannun babbar rigarsa da ya zame, ta ɗora masa a kafaɗa, ta bar hannunta a wurin. Baba bai sake zama a bayan sitiyari ba har ya bar duniya.